Babu Aljani a Kaina, Amma Saboda Shi Za a Kori Maƙwabciyata

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan fili, da duk masu karanta shi, maza da mata. Gaisuwa daga Jalingo, unguwar Barade. Ban sa sunana ba, kuma sunayen da za ku gani a nan duk na canja su, domin garin nan namu, duk da an mai da shi hedkwatar jiha, har yanzu in ka yi atishawa a Barade sai an amsa maka daga Yelwa. Roƙona ɗaya ne: ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Wanda kuma ya san zagi ne ya kawo shi, ya ajiye bironsa ya huta, babu abin da zai faɗa mini wanda ban riga na faɗa wa kaina ba. Shawara na zo nema, ba wa'azi ba.

Bari in fara da abin da ya hana ni sukuni. Ƙarshen watan nan za a kori wata mata da 'ya'yanta uku daga gidan da muke zaune, wai ita ce ta turo mini aljani. To, ni babu aljani a kaina. Ban taɓa yin aljani ba. Muryar da aka ji tana fita ta bakina, ni na yi ta da maƙogwarona, ina cikin hayyacina, ina jin duk abin da ake faɗa a ɗakin.

Na san wasu sun fara salati. Ku dakata tukuna.

Ina da wata lalura tun ina budurwa. Duk wata, idan al'adata ta kusa, sai in koma wata mata daban. Ba ciwon mara nake nufi ba, wannan kowace mace ta san shi, a sha magani a kwanta. Nawa a zuciya yake. In tashi da safe ƙirjina a cushe kamar an ɗora mini turmi, jikina ya yi tsami, ƙafata ta kumbura har silifas ya matse ni, ƙarar cokali a kwano ta riƙa shiga mini har tsakiyar kai. Yaro ya kira ni in ji kamar in kwaɗa masa mari. Ɗinki nake yi a gida, ina da kekena, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Amma a irin waɗannan kwanaki na taɓa yanka atamfar wata mata a karkace, na zauna daɓas a ƙasa ina rusa kuka kamar an aiko mini da mutuwa, har mai kayan ta koma tana ba ni haƙuri. Wani lokaci fushi ne, wani lokaci baƙin cikin da ba shi da tushe, wani lokaci kuma, Allah ya yafe mini, sai in ji a raina cewa 'ya'yana za su fi jin daɗin duniya in babu ni. Sannan ranar da jini ya zo, ko washegarinsa, sai komai ya ɗauke cak. In waiga in ga ɓarnar da na yi, in rasa inda zan sa kaina, in bi mutane da ban haƙuri. In ɗan yi kwanaki ina mutum kamar kowa, sai kuma abin ya sake zagayowa. Shekara da shekaru ina haka.

Wa zan faɗa wa? Mu Fulanin gari ne, da kunya aka yaye mu, abin da muke kira semteende. Ban taɓa jin kalmar haila ta fito daga bakin mahaifiyata ba. Ranar da na fara, ƙyalle ta miƙo mini tana kallon bango. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan uwar mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta cin abinci a gaban suruka. Duk na riƙe waɗannan, ko maƙiyina ya shaida. To mai irin wannan tarbiyya ce za ta zaunar da miji ta ce masa, "Ka yi hankali da ni satin nan, al'adata ta kusa"? Ta wane baki?

Maigidana direba ne a wata ma'aikatar jiha, yau Yola, gobe Wukari, jibi Gembu. Mutumin kirki ne, ba shi da hayaniya, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Muna zaune a gidan mahaifiyarsa, Dada muke ce mata. Gidan babba ne, tun da maigidanta ya rasu ta sa 'yan haya a ɗakunan baya. 'Ya'yana biyu, duk mata. Ta farin, ranar da aka yaye ta Dada ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Ɗakin Dada take kwana, tsakar gida ɗaya muke, amma ban isa in ɗauke ta a gaban mutane ba, ban isa in kira sunanta ba. Adda take ce mini, kamar wata yayarta. Kowa ya ce al'ada ce, ni ma na ce al'ada ce, na haɗiye.

Ranar da abin ya faru, yarinyar nan tana kwance da zazzaɓi, jikinta kamar garwashi, ni kuma ina tsakiyar munanan kwanakina. Wasu mata 'yan uwan Dada sun zo daga Turaki, suna zaune a tabarma ana shan fura. Na durƙusa daga gefe na ce, "Dada, ko in kai ta asibiti?" Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Na ba ta jiƙo. Ke ina ruwanki da ita? Je ki kula da taki." A ranar lafiya, wallahi sunkuyar da kai zan yi in koma kicin. Amma ranar sai na ji wani abu ya tsinke mini a ƙirji. Na miƙe tsaye a kanta, na yi jifa da ƙwaryar nonon da ke gabanta, na kira sunanta. Sunanta na yanka, wanda ko a takardar nan hannuna ba zai iya rubutawa ba. Na kira sunan ɗanta. Na kira sunan 'yata da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Na ce, "Ke kika yi naƙudarta? Ke kika zubar da jini a kanta? Ki ba ni 'yata, na gaji, na gaji da gidan nan, na gaji da ku duka!"

Ina faɗa na san na gama kashe aurena, domin ban taɓa jin surukar da ta yi haka ta kwana a gidan miji ba. Ina tsaye ina haki ina jiran a ce in tattara kayana. Sai Dada ta dafa ƙirji, ta dube ni da tsoro, ba da fushi ba, ta ce, "La'ilaha illallahu. Wannan ba ɓingel am ba ce, ba 'yata ba ce. Yarinyar da ko ruwa ba ta sha a gabana? Ku riƙe ta, wani ne a bakinta." Matan suka ɗauka, "Iska ce, wallahi iska ce, dubi idonta!" Kun gane? A tunaninsu 'yar Fulani mai hankali ba za ta iya furta waɗannan sunaye ba, ko an ɗora mata wuƙa. Tunda an furta, to ba ita ba ce. Na ga ƙofa ta buɗe mini inda ban zata ba. Sai na sulale na faɗi. Da gangan na faɗi, har na zaɓi gefen da babu turmi.

Da yamma aka ɗauko wani Modibbo, wato malami, ya zo ya yi mini karatu a kunne, ya turara hayaƙi, ya kama babban yatsana ya matse yana cewa, "Wane ne kai? Yi magana!" Ya ƙara matsewa. Na ga in ban ba shi wani ba, ni zan biya. Na ƙanƙance maƙogwaro na yi murya irin ta tsoho, na ce ni ne wane, daga bakin kogi na biyo ta. Ɗakin ya ɗauki kabbara. Bayan kwana biyu al'adata ta zo, na warware sarai kamar yadda na saba warwarewa tun kafin in san akwai Modibbo a duniya. Dada ta ce ba ta taɓa ganin malami mai kaifin addu'a irinsa ba. Wata na zagayowa abin ya dawo, aka sake kiransa, aka sake hayaƙi, jini ya zo, na warke, ya sake shan yabo. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan, domin babu wanda ya san ranakuna. Wa zai tambaya?

Yanzu ga inda za ku fi jin haushina, kuma ku ji. Na ji daɗin aljanin nan. Karo na farko a rayuwata, idan kwanakin suka zo, sai a ƙyale ni. Dada ta karɓi girki, a ja yara gefe, a ce kar a dame ta. Abin da na faɗa da zafi ba a riƙe ni da shi. Maigida ya dawo daga tafiya da tsire da lemo yana mini sannu. Kuma a zama na uku ko na huɗu, da Modibbo ya tambayi aljanin me yake so ya rabu da ni, sai na ce, "A mayar mata da 'yarta ɗakinta." A ranar Dada da hannunta ta kawo mini tabarmar yarinyar da kayanta. Yau tana kwana a gefena, ina yi mata kitso, ta fara ce mini Inna a ɓoye. Kuna so in ce na yi nadamar wannan? Ban yi ba. Abin da na roƙa a durƙushe aka hana ni, da na yi muryar tsoho aka ba ni da rawar jiki. Ku gaya mini, laifin wa ke nan?

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda da labarin ba. Zan kira ta Maman Yohanna. Mumuye ce, Kirista, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, tana haya a ɗakin ƙarshe kusa da banɗaki. Kunun gyaɗa take damawa tana kaiwa bakin ofisoshi, kuma kusan kullum sai ta ɗebo mini kofi ɗaya kafin ta fita. Igiyar shanya ɗaya muke amfani da ita a lungun bayan banɗaki, inda mata ke shanya ƙunzugu don kada maza su gani. Wata rana hadari ya taso ina kwance a ɗaki, ta kwashe mini nawa ta naɗe a leda ta kawo mini ɗaki. Ta rufo ƙofa, ta zauna a bakin gado, ta ce da irin Hausarta ta Jalingo, wadda mace ma "kai" take ce mata, "Maman Ummi, ni ina gani fa. Kullum in ka yi faɗa, ka yi kuka, an kira malam, kwana kaɗan sai na ga kayan ka a igiya. Wannan wane irin aljani ne da yake bin wata?" Na tashi zan yi mata masifa, sai kuka ya ƙwace mini. Ta ce ƙanwarta ma haka take, har miji ya kore ta, daga baya aka gane a asibiti. Ta ce, "Ka tashi mu je. Ba kunya a ciwo."

Muka fake da kai ƙaramar yarinyata rigakafi, muka ga wata likita. Na yi zaton za ta yi mini dariya ko ta ce in je in yi haƙuri. Sai ta saurare ni har na gama, ta yi mini tambayoyi, ta ce in koma in lura da kaina wata biyu ko uku in dawo. Da na dawo ta ce wannan lalura ce sananniya, tana da suna a littafinsu, mata da yawa suna jin kaɗan daga ciki, wasu kuma irina tana kama su da tsanani. Ta ce jikina ne ba ya jure canjin da ke zuwa kafin al'ada, ba hauka ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Wallahi Anti, da na ji haka sai da na kifa kai a teburinta. Ta ce in rage gishiri, in bar goro da shayi mai kauri idan kwanakin sun matso, in riƙa taka ƙasa ina motsa jiki, in samu barci, ta rubuta mini wani bitamin. Ta ce duk ranar da tunanin mutuwa ya zo mini, in zo wurinta a ranar, kada in jira. Na bi duka. Ya rage, ba zan yi ƙarya ba, kumburin ya sauka, ina ɗan iya kama bakina. Amma bai tafi ba. Ta ce akwai mataki na gaba, ko ƙwayar tazarar haihuwa wadda takan daidaita wa wasu matan jiki, ko wani magani na damuwa, amma tana so in zo da maigidana, domin ƙwayar ba a bayar da ita sai da yardar miji, kuma mai irin wannan lalura tana bukatar mutanen gida su san abin da ke damunta. Na ce to. Na fito na ci gaba da aljanina, domin ya fi mini sauƙi.

Haka aka yi ta yi har Dada ta fara gajiya. Ta ce wa Modibbo, wane irin aljani ne wannan da ake kora yana dawowa kamar akuyar maƙwabta? Shi kuma don kada a ga gazawarsa ya ce ai akwai mai dawo da shi, kuma a zaman nan sai aljanin ya faɗi ko wane ne. Ranar hayaƙin ya fi na kullum yaji, idona na zuba, ina tari kamar zan amayar da hanjina, ya murɗe mini yatsa yana daka tsawa, "Ta ina kake shiga? Ta ina?" Ni dai so nake a buɗe taga. Na ce, "Ta abinci." Ya ce, "Abincin wa?" Nan na farga, na datse bakina, na yi kamar na suma. Ban kira sunan kowa ba, Allah ne shaidata. Amma Dada ba ta bukaci suna ba. Ta ce, "Abincin waje ɗaya take ci a gidan nan, kunun matar can." Sai ta ƙara da cewa ita da idonta ta taɓa ganin matar tana kwashe ƙunzuguna daga igiya tana cusawa a leda. Me mutum zai yi da ƙyallen jinin wata in ba mugun abu ba? Modibbo ya gyaɗa kai ya ce magana ta fito. Ina kwance ido a rufe ina jin su, ban motsa ba.

Wannan shirun shi ne laifina. Ba ciwona ba, ba sunayen da na kira ba, ba 'yata da na karɓo ba. Wannan shirun. A kansa kaɗai nake jin kunya, kuma kunyar tana cina kamar gara.

Kafin magariba magana ta gama unguwa. Dada ta ba Maman Yohanna zuwa ƙarshen wata ta bar gidan. Matan layinmu sun daina sayen kununta, har wasu masinjojin ofis da ke zaune a Barade sun kai labarin wurin aiki, yanzu rabin bokiti take dawowa da shi. 'Ya'yanta in sun je famfo sai yara su janye bokitansu suna cewa ga 'ya'yan mayya. Kuma duk wanda ya san Jalingo tun da aka ba mu jiha ya san ɗaki ya zama gwal, ma'aikata sun cika gari, mai albashi ma yawo yake yi yana nema, balle gwauruwa mai yara uku da aka laƙa wa maita. Ta je Yelwa, ta je Turaki, duk inda ta je labarin ya riga ta. Ga shi ba addininmu ɗaya ba, kun san yadda irin wannan magana take girma in ta samu masu hura ta.

Na saci jiki na shiga ɗakinta da rana, Dada ta tafi gaisuwar mutuwa. Na same ta tana ɗaure tukwane a tsohon zani. Na durƙusa na ce, "Maman Yohanna, ki yafe mini." Ba ta ɗago ba. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa musu ba? Kin san komai, kin san likitar." Sai ta ajiye igiyar ta dube ni ta ce, "In na faɗa, wa zai ji maganar mayya? Kuma ni ba zan kwance maka zani a kasuwa ba. Ciwon ka ne, bakin ka ne." Ta ci gaba da ɗaurinta. Ƙaramar 'yarta tana bakin ƙofa, yarinyar da na ɗinka wa rigar Kirsimeti bara, da na miƙa hannu zan shafa kanta sai ta ja baya.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, maigida ya dawo daga masallaci ya ci abinci, ina cikin kwanakina na lafiya, kaina garau. Na rufe ƙofa, na cire kunyar duniya na ajiye, na faɗa masa komai. Na faɗi kalmar da ban taɓa faɗa a gaban namiji ba. Na ce masa babu aljani, ni ce, ciwo ne mai bin al'ada, ga likita can mu je ka ji da kunnenka, matar nan ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ya saurare ni yana kallona har na gama. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce alhamdu lillahi, ya gane. Sai ya matso a hankali ya dafa kaina ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Na ture hannunsa na ce, "Me kake yi haka?" Ya ce, "Modibbo ya riga ya gaya mana. Ya ce in aljanin ya ji za a raba shi da mai turo shi, zai zo da murya mai daɗi ya ce babu shi, ya wanke ta." Na ce, "Dube ni da kyau, ni ce matarka!" Ya ce, "Matata ba za ta iya faɗin irin waɗannan maganganu a gabana ba."

Kun ji inda na kai kaina. Na yi ƙarya an yarda, na faɗi gaskiya an tofa mini addu'a.

Kafin in rufe, ina da magana da mutum uku. Malam mai shirin rubuto cewa ina ƙaryata aljanu: ban ce babu su ba, suna cikin Alƙur'ani, cewa na yi babu a kaina, kuma na fi ka sanin kaina. Magidanci mai cewa iskanci ne kawai da rashin kwaɓa: ranar da ka yi wata guda a jikin mace ka dawo mu yi magana. Ke kuma 'yar uwata mace mai cewa ai duk muna yi muna haƙuri: ki gode wa Allah da naki ya tsaya a mara. Ban zaɓi ciwon nan ba, kuma na daina ba da haƙuri a kan ina da shi. Da a ce tun farko akwai wanda zan iya gaya wa ba tare da an ce na zubar da mutuncin gidanmu ba, da ban taɓa faɗuwar ƙarya a tsakar gida ba. Na san kuma akwai irina da yawa da ake turara wa hayaƙi duk wata, suna karanta wannan suna shiru.

Yanzu ga halin da ake ciki. Maigida ya gaya wa Dada cewa aljanin ya fara sabon salo, sun sa Modibbo zai dawo kafin wata ya ƙare. Hanya biyu nake gani. Ta farko, in kwanta a tabarma gaban Modibbo in sake yin muryar tsoho, tunda ita kaɗai ake saurara a gidan, in ce ƙarya na yi, ba ruwan mai kunu, ni na zo da kaina. Wataƙila su yarda a bar ta, wataƙila Modibbo ya ce wannan ma dabara ce. In sun yarda, aurena ya tsira, 'yata tana ɗakina, amma na ɗaure kaina da aljanin nan har in mutu, babu zancen likita, babu magani, kuma ban san wa zai sake faɗawa a bakina ba ranar da hayaƙi ya yi yawa. Ta biyu, in kafe. In ƙi kwanciya, in tara Dada da maigida da matan da suka ga faɗuwata, in ce da gangan na faɗi, in ja maigida asibiti ko da rigarsa zan riƙe. In sun ƙi yarda, na ɓata lokaci matar nan ta tafi da sunan maita. In kuma sun yarda, to sun yarda ke nan cewa ni, da hankalina, na tsaya a kan Dada na kira sunanta a gaban danginta, na kuma yi wasa da hankalinta fiye da shekara. Ba za ta yafe ba, na san ta. Zan bar gidan, kuma 'yar farina ba za ta bi ni ba.

Zuciyata ta fi karkata ga ta biyun, ba zan ɓoye muku ba, na gaji da magana da muryar wani. Amma ina jin ƙafata ta fara nauyi tun jiya, kwanakin sun matso, kuma na san in suka iso ko gaskiya na faɗa da ihu zan faɗe ta, su kuma su ce ga shi nan ya tashi. Maman Yohanna ta riga ta kwance gadonta, a tabarma suke kwana ita da yaran.

Anti, masu karatu, musamman wadda ta san wannan ciwo a jikinta, useni, don Allah, ku amsa mini da wuri. Matar nan ba ta da inda za ta, kuma ni na jawo mata. Me zan yi?

Taku,
Wata baiwar Allah, Barade, Jalingo